Shingen bishiyoyi mai tare dusar ƙanƙara daga hanya: tambayoyi da amsoshi

A ƙasashen da hunturu ke da tsanani, wahalar hanya ba ta ƙarewa don dusar ƙanƙara ta daina zuba. Sau da yawa ma a lokacin take farawa. Sama ta washe, motocin shara masu ture dusa sun gyara titi tas, sai iska ta taso ta kwashi dusar da ke kwance a filaye ta sake jibge ta a kan kwalta. Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun magance wannan ita ce dasa bishiyoyi a jere, can nesa da hanya, ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Mene ne ainihin wannan shinge?

Layi ne ɗaya ko biyu ko fiye na bishiyoyi, ko na gajerun itatuwa masu cunkoson rassa, da ake dasawa domin iska ta sauke dusar da ta ɗauko a gindinsu kafin ta iso hanya. Aikinsa ɗaya da na shingen katako ko na roba da ake kafawa saboda wannan dalili. Bambancin kawai shi ne wannan yana da rai, don haka yana girma, siffarsa na canzawa, kuma idan aka yi sakaci da shi yana mutuwa.

Ashe ba dusar da ta zubo daga sama ce ke toshe hanya ba?

A cikin gari ko cikin daji mai duhuwa, ita ce. A buɗaɗɗen fili kuwa labarin daban ne. Dusar da ta zubo kai tsaye a kan titi ba ta wuce abin da ya zubo a ko'ina ba, mota ta bi sau ɗaya ta ture ta. Wadda ke hana ma'aikata barci ita ce wadda iska ke sharowa daga fili mai faɗin kilomita biyu ko uku ta tara ta wuri guda.

Busasshiyar dusa tana fara motsi da zarar gudun iska ya kai wajen mita 5 a daƙiƙa. Yawancinta ba ta tashi sama sosai. Tsalle take yi tana gungurawa kusa da ƙasa, mafi yawanta bai wuce tsayin mutum ba. Abin mamaki shi ne yadda yawanta ke ƙaruwa da ƙarfin iska: idan gudun iska ya ninka sau biyu, dusar da take ɗauka tana ninkawa fiye da sau goma. Shi ya sa dare ɗaya na guguwa ke iya kawo abin da makonni na iska mai sauƙi ba su kawo ba.

Duk inda iska ta rage gudu, a nan take sauke kayanta, kamar yadda kogi ke ajiye yashi a inda ruwansa ya lafa. Hanyar da aka ratsa ta cikin tudu, bayan ƙarfen kariya na gefen titi, gindin gada, jikin doguwar ciyawar da ba a yanke ba, duk tarko ne. Kuma dusar da iska ta tara ba irin mai laushin nan ba ce. Ƙwayoyinta sun farfashe a hanya sun matse juna, nauyinta na iya kai ninki uku na sabuwar zuba, har mutum ya taka ta bai nutse ba.

Ta yaya bishiya ke tare ta?

Ba tare iska take yi ba, rage mata ƙarfi take yi. Iska na shiga cikin rassa ta fito a gajiye, ta kasa ci gaba da ɗaukar abin da ta ɗauko, sai ya zube. Kaɗan yakan taru a gaban shingen, mafi yawa a bayansa, wato tsakaninsa da hanya. Iskar da ta isa kwalta ta isa hannu wofi.

Saboda haka shinge mai kafofi ya fi katanga riƙe dusa. Idan aka gina bango toshe, iska na haurawa ta samansa ta faɗo da ƙarfi tana juyi, tulin ya zama gajere, ya cika da wuri, sauran dusar ta wuce abinta. Wanda ya fi ɗaukar kaya shi ne shingen da kusan rabinsa rassa ne rabinsa fili. Ana auna wannan da hunturu, lokacin da masu kaɗe ganye suka kaɗe, ba lokacin da suke lulluɓe da ganye ba. Mutane da yawa sukan ga layin itatuwa ya yi duhu da damina su ɗauka ya isa, alhali da hunturu ya zama tsirara.

Nisa nawa ya kamata ya kasance tsakaninsa da hanya?

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Shingen da aka dasa dab da titi ya fi rashin shinge muni, domin tulin da zai tara a kan titin zai tara shi. An kashe kuɗi an sayi matsalar da ake gudu ke nan.

Ƙa'idar da aka sani ga shingen katako mai rabin kafofi ita ce, idan ya cika maƙil a shimfiɗaɗɗen fili, wutsiyar tulin na iya miƙewa har ninki 35 na tsayinsa. Shinge mai tsayin mita 2.4 yana bukatar fili na kusan mita 84 a bayansa. Wanda bai saba ba yakan yi mamakin wannan nisa, ya ce ai shingen ya yi nesa da abin da yake karewa. A can ɗin ne wurinsa.

Ga bishiyoyi lissafin ya ɗan fi wuya, don tsayinsu na yau ba shi ne na shekara goma masu zuwa ba. Suna ƙanana, gajeru ne masu kafofi da yawa, suna cika da wuri su ja doguwar wutsiya gwargwadon tsayinsu. Da suka girma suka yi duhu, cikinsu ya fi duk dusar da hunturu ke kawowa, ba sa cika, tulin ya tsaya kusa da gindinsu. Don haka ba a ɗaukar tsayin babbar bishiya a ninka sau 35, da an kai shingen wata duniya. Abin da injiniya ke nema shi ne shekarar da shingen zai fara iya haɗiye dusar hunturu guda cur, ya yi lissafin nisa da tsayin wannan shekarar. A aikace galibi nisan na faɗawa tsakanin mita 30 da kusan mita 100, gwargwadon faɗin filin da iska ke ratsowa da yawan dusar yankin. Idan ƙasa na gangarowa wajen hanya, ko hanyar na cikin rami, sai a sake lissafi. Ba adadi ɗaya da ya dace da ko'ina, kuma wanda ya ba ka adadi bai je ya ga wurin da hunturu ba, ka yi hattara da shi.

Tsayi fa, yana da muhimmanci haka?

Ƙwarai. Abin da shinge ke riƙewa yana ƙaruwa fiye da yadda tsayinsa ke ƙaruwa. Shingen katako mai mita 1.2 yana riƙe kimanin tan 13 na dusa a kowace mita ta tsawonsa, mai mita 2.4 kuwa kimanin tan 58. An ninka tsayi sau biyu, an sami fiye da ninki huɗu. A nan bishiya ke cin riba, don kowace shekara tana ƙara tsayi ba da kuɗin kowa ba, har ta kai inda ba mai iya kafa katako.

Wa ya fito da waɗannan ƙa'idoji?

Yawancinsu daga jihar Wyoming ta Amurka suka fito. A watan Oktoban 1970 aka buɗe wani yanki na babbar hanyar I-80 mai tsawon kusan kilomita 124 tsakanin Laramie da Walcott Junction, ta cikin tuddai masu iskar bala'i, kuma ba a yi kwanaki ba dusa ta sa aka rufe shi. Ronald Tabler, wani mai bincike da ke aiki da hukumar gandun daji ta Amurka a lokacin, shi ya tsara dogayen shingayen katakon da aka fara kafawa a wurin a 1971. Ya shafe shekaru yana auna tulin dusa, daga nan ya fitar da lissafin tsayi da nisa da yawan kafofi da ake amfani da shi har yau, har ga shingen bishiyoyi. Shi ne kuma ya nuna cewa ƙwayar dusa da iska ke ja tana ƙafewa a hanya ta koma tururi, ta yadda wadda ta taso daga nisan da ya wuce kilomita 3 ba ta cika isowa ba.

To, sabuwar dabara ce ke nan?

Lissafin ne sabo, dashen tsoho ne. Jiragen ƙasa ne suka riga motoci shan wannan wahala. A Japan, an dasa dajin kare layin dogo daga dusa a Noheji, cikin lardin Aomori, a 1893, bisa shawarar masanin gandun daji Honda Seiroku, kuma dajin na nan har yanzu. Rasha ma ta daɗe tana jera bishiyoyi a gefen layukan dogonta da ke ratsa filayen ciyawa.

A Kanada, gidan renon itatuwa na gwamnati da ke Indian Head a lardin Saskatchewan ya fara raba dashe ga manoma tun 1901, kuma kafin gwamnatin tarayya ta janye daga shirin a 2013 ya raba sama da miliyan 600. A Amurka, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, an dasa kimanin bishiyoyi miliyan 220 tsakanin 1935 da 1942, daga North Dakota har Texas. Waɗannan biyun ba don hanya aka yi su ba, don kare gonaki da gidaje daga iska da zaizayar ƙasa ne. Amma duk wanda ke bin hanya kusa da su da hunturu ya ga inda dusa ke tsayawa, ya kuma ga ɓarnar waɗanda aka dasa kusa da titi fiye da kima.

Waɗanne irin bishiyoyi ake dasawa?

Ana neman wadda ke jure sanyi da fari, mai rassa tun daga ƙasa, wadda reshenta ba ya karyewa idan dusa ta danne shi. Maganar rassan ƙasa ba ƙarama ba ce. Doguwar bishiya mai miƙaƙƙen jiki da ganye can sama kawai ba ta da amfani a nan, iska za ta bi ta ƙarƙashinta da ƙarin gudu ma.

Cikin masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa kaɗewa da hunturu, an fi amfani da junifa da sufurus da wasu nau'o'in fain. Cikin gajeru akwai karagana, wadda asalinta daga Siberiya ne kuma ta cika filayen yammacin Kanada, da lailak, da wilo. A jihar New York masu bincike na kwalejin kimiyyar muhalli da gandun daji da ke Syracuse sun yi aiki sosai kan gajeren wilo. Yankan reshe ake cusawa a ƙasa ya yi saiwa, bayan shekara a sare shi dab da ƙasa, ya sake tohowa da rassa masu yawa.

Akwai darussa biyu da aka koya da tsada. Na farko, kada a dogara da nau'i ɗaya. An cika shingayen Arewacin Amurka da bishiyar ash, sai wani ƙwaro mai huda ɓawo da aka gano a jihar Michigan a 2002 ya bazu yana kashe su bila adadin. Na biyu, bishiyar da ta fi saurin kamawa ita ce wani lokaci ke zama annoba. Zaitun ɗin Rasha, da aka yi ta rabawa don shinge, ya mamaye bakin koguna a yammacin Amurka har wasu jihohi suka hana sayar da shi. Itacen jan sida ma, duk da ɗan ƙasa ne a can, yana mamaye filayen kiwo a jihar Nebraska.

Layi nawa ake bukata?

Biyu na masu ganyen allura, a dasa su saɓi-zarce ta yadda na baya zai toshe giɓin na gaba, sun isa a wurare da yawa. Wasu kan ƙara layin gajerun itatuwa ta gefen iska domin ya kama aiki da wuri. Layi ɗaya ma yana yi, sai dai idan bishiya ɗaya ta mutu an sami ƙofa.

Ƙofa ɗaya har ta zama abin damuwa?

Iska na matsuwa ta bi ta giɓi da gudu fiye da na buɗaɗɗen fili, ta fesa dusa a kan titi a wuri ɗaya. Direba yana tafe a busasshiyar kwalta hankalinsa kwance, kwatsam ya faɗa cikin farin hazo da santsi na 'yan mitoci. Wannan ya fi hanyar da ke da santsi gaba ɗaya haɗari, don can kowa ya riga ya rage gudu. Shi ya sa ake maye gurbin duk dashen da ya mutu tun a shekarar farko, kuma idan dole a bar mashigar gona, a karkata ta yadda ba za ta fuskanci iska kai tsaye ba. Haka ma bakin shingen: dole ya zarce wurin da ake karewa ta kowane gefe, domin iska ba kullum take fitowa daga kusurwa ɗaya ba, kuma takan kewayo ta ƙarshen layi.

Shekara nawa kafin ya fara aiki?

Wilo a ƙasa mai laima na iya kama aiki cikin shekara uku ko huɗu. Masu ganyen allura sukan ɗauki biyar zuwa goma, a busassun tuddai masu iska kuma fiye da haka nesa ba kusa ba. Kafin nan akan kafa shingen wucin gadi, wanda ke kare hanya kuma ya tara dusar da za ta narke ta shayar da dashen.

Waɗannan shekarun farko su ne ke kashe yawancin shingayen da suka gaza. Ciyawa na ƙwace ruwa, zomaye da ɓeraye na gaigayar ɓawo a ƙarƙashin dusa, barewa na cin toho, shanu na tattakewa, maganin ciyawa da aka fesa a gonar kusa na bin iska ya ƙona ganye. Maganin duk sananne ne: baƙar shimfiɗa mai hana ciyawa fitowa, ban ruwa na ɗigo ta siririn tiyo inda ruwan sama bai isa ba, waya mai hana dabbobi shiga. Abin da ke ƙaranci shi ne wanda zai riƙa komawa wurin bayan an gama bikin dashe an ɗauki hoto.

Ya fi shingen katako araha?

Idan aka duba tsawon rayuwarsa, i. Katako na ruɓewa, iska na karya shi, na wucin gadi kuma sai an kafa an cire kowace shekara. Bishiya da ta kama tana iya yin shekara 50 ko fiye tana aiki. Amma kwatancen da ya fi ma'ana shi ne da motar shara. Lissafin Tabler ya nuna cewa ture dusa da mota ya ninka tare ta da shinge tsada kusan sau 100 a kan kowane tan. Ko da wani ya ce adadin bai kai haka a yankinsa ba, dalilin a bayyane yake: mota na cin mai da albashi da gishiri duk lokacin da iska ta taso, wani lokaci ta share wuri ɗaya sau da yawa a dare guda.

In haka ne, me ya hana a dasa shi a ko'ina?

Fili. Nisan da shingen ke bukata kusan kullum ya wuce iyakar filin da hukumar hanya ta mallaka, ya faɗa cikin gonar wani. Manomi kuma yana da dalilansa na ƙi, kuma ba na banza ba ne. Layin bishiyoyi a tsakiyar gona na cinye masa ƙasa, yana raba gonar biyu ya wahalar da manyan injuna wajen juyawa, saiwoyi na shan ruwan shukar da ke kusa, suna kuma iya toshe bututun tsane ruwa da ke binne a ƙasa. Ga tulin dusa da ke jinkirin narkewa, ya bar wurin a jiƙe lokacin da maƙwabta suka riga suka yi shuka. Amfanin shingen na matafiya ne, asarar ta mai gona. Duk shirin da bai yarda da wannan ya biya diyya ba, ba ya nisa.

A Amurka akwai shirin ma'aikatar gona ta tarayya da ke biyan hayar irin wannan fili na shekara 10 zuwa 15. Jihohi kamar Minnesota da Iowa sun ƙara wata dabara mai sauƙi: suna biyan manomi ya bar wasu layukan masara a tsaye ba tare da girbewa ba har hunturu ya wuce. Karan masara na da tsayi da kafofi daidai bukata, ba a jiran shekaru, kuma manomi bai ɗaure kansa ba, baɗi yana iya cewa a'a. Da yawa daga nan suke farawa. Inda ba masara, akan jera manyan dunƙulen busasshiyar ciyawa.

A busassun yankuna kuwa abin na juyewa, dusar da shinge ya tara ruwa ne ga gona da tafkin dabbobi, don haka shawo kan mai fili ya fi sauƙi.

Yana da wata illa ga hanyar kanta?

Idan ya yi kusa, yana da. Banda tulin dusa, akwai inuwa: a arewacin duniya rana na yin ƙasa-ƙasa ta kudu da hunturu, dogayen bishiyoyi a kudancin titi na hana ta taɓa kwalta, ƙanƙara ta kwana ta wuni ba ta narke ba. Akwai toshe wa direba gani a mahaɗar hanyoyi da kwana. Akwai kuma namun daji, don barewa na son mafaka, kuma ba a son mafakarta a bakin titi. Nisan da ake bayarwa saboda dusa yana rage duk waɗannan, yana kuma kare bishiyoyin daga feshin ruwan gishiri da tayoyi ke watsawa, wanda ke ƙona ganyen allura.

Shin yana rage amfani da gishiri?

Yana ragewa. Dusar da ke ratsa titi ba sai ta taru take yin ɓarna ba. Tana faɗawa kan kwaltar da rana ta ɗumama ta narke, tayoyi su murje ta, ta daskare ta zama santsi, a sake zuba gishiri. Gishirin hanya kuma ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, daidai lokacin da dusa ta fi bushewa ta fi tashi. Wanda aka zuba ba ya ɓacewa, yana gangarawa tafkuna da rijiyoyi, yana cin ƙarfen gada da na mota.

Ana iya ajiye motocin shara idan an dasa shi?

A'a. Abin da ya zubo daga sama kai tsaye sai an share. Shingen ba ya taɓa ruwan sama mai daskarewa, kuma idan iska ta juyo ta ɓangaren da ba a dasa ba, ba abin da zai iya.

Bayan ya girma, an huta ke nan?

An rage aiki dai. Wasu bishiyoyin na zubar da rassan ƙasa idan suka tsufa, ƙarƙashinsu ya buɗe, sai a dasa layin gajeru a gabansu ya toshe. Wilo da karagana akan sare su lokaci-lokaci su sake tohowa, amma ba duka a shekara ɗaya ba, layi ɗaya bana, ɗayan sai wannan ya tashi. Shimfiɗar hana ciyawa ma sai an faɗaɗa raminta, in ba haka ba ta shaƙe kututturen da ke kauri. Kuma tun da sabon dashe na ɗaukar shekaru kafin ya kama aiki, ana dasa layin da zai gaji tsohon ne tun tsohon na da sauran ƙarfi.